Tafin Alƙali a Rigunan Kalfu

Ba a daɗe da samun ƴancin kai ba aka fara ba ni alƙalancin ƙwallo a Tawa. Na shigo fili da farar rigata, sai ga ƴan wasan Kalfu su ma cikin farare tas. Nan take na ari rigar shuni wurin wani dattijo ɗan kallo.

"Ɗana, shuni fa yana zuba," in ji shi.

"Baba, ni fa na yi lakkwal, ba a koya wa ɗan boko."

Zufa ta karyo, ina ta goge hannu a rigar. Da faɗa ya tashi na shiga rabo, duk wanda na dafa sai ga tafina shuɗi a farar rigarsa. Mutum bakwai na yi wa hatimi.

Har yau in na miƙa hannu a Kalfu, sai an ce, "Alƙali, buɗe mu gani tukuna."