Titi Ya Hau, Gidana Ya Nutse

Da safen nan na sake gaisawa da saman ƙofar ɗakina, da goshi. Sai da na ga wuta. Maiɗakina ko ɗago kai ba ta yi daga gugar da take yi ba, ta ce, "Sannu. Ƙulun jiya ya samu ƙane." Don haka jama'a, in kun gan ni da hula a karkace, ba gayu ba ne, abin kunya nake rufewa.

Bari ku ji yadda ƙofar da na yi shekara da shekaru ina shiga a miƙe ta koma tana dukana.

Iyayen gidanmu masu girma, Allah ya ƙara wa kujerunsu laushi, sun yi wa layinmu alkawarin kwalta tun gashina yana baƙi. Kuma kada wani mai baƙin ciki ya ce sun manta da mu. Duk sanda zaɓe ya ƙarato, sai tifofi su zo su juye jar ƙasa, a baje, a ɗauki hoto, a watse. Kwalta tana nan tafe. Ƙasa kan ƙasa, titi yana hawa, gidana yana nutsewa. Da can hawa ake yi a shiga gidana, yanzu gangarawa ake yi. Kuma in kun duba hotunan nan, dogon da ke baya yana washe baki yana tafi, ni ne.

Daminar bara ruwan layin kaf ya shigo mini ba sallama. A ɗakin Inna, mahaifiyata, ya fara sauka. Muka tarar da ita a kan gado ta tattare ƙafafu, takalmanta suna yawo a tsakar ɗaki. Ƙanwata ta zo ta kwashe ta zuwa gidan mijinta. Wanda ya san kunya ya san zafin wannan: ɗanta namiji yana raye, tsohuwa tana zaman gidan suruki. Kullum na je gaishe ta, tambayar ɗaya ce: "Dogo, yaushe zan koma ɗakina?" Na yi mata alkawari sai ta koma kafin ruwan bana ya sauka.

Na kira magini. Ya zaga, ya bubbuga bango, ya ce, "Maigida, ai ƙaramin aiki ne. Ciko za a yi, daɓe ya fi titi tsawo, shi ke nan." Da ya faɗi kuɗin har na fara tunanin abin da zan yi da canji.

Mai tifa ya fara buɗe mini ido. Ya ce farashin da muka yi na jiya ne, yau a layin mai ya wuni, kuma wunin nan ni zan biya. Siminti kuwa, kafin in je gida in ɗauko kuɗi in dawo ya ƙara daraja. Daɓe ya hau, sai wuraren jona wuta suka shige ƙarƙashin ƙasa, aka kira mai gyaran wuta. Mai gyaran famfo ya leƙa bayi ya ce ya koma rijiya, sai an tone bututu. Kafinta ya ce ƙofofi sun yi wa gidan tsawo, sai an datse su. Babur ɗina ya tafi. Firij ya bi shi, da kallon da maiɗakina ta yi mini wanda har yau ban gama biya ba.

Ina cewa an gama, sai magini ya ɗaga kai sama ya ce, "To, saura rufi. Sai an kware shi an ƙara bulo, in ba haka ba ɗakunan sun gajarce."

Na ce, "Malam, don girman Allah me ya hana ka faɗa tun farko?"

Ya ce, "Ai ƙasa ka nuna mini, maigida. Ba ka nuna mini sama ba."

Da zafina na nufi ofishin masu kula da hanyoyi in kai kuka. Wani ranka ya daɗe ya saurare ni yana danna waya, can ya ce, "Ka ce ka ɗaga daɓe? Da izinin wa?" Ashe akwai tarar taɓa gini ba takarda. Nan take na ce ai maƙwabcina nake tambayar wa, na yi masa fatan alheri na fito da baya da baya. Garin neman gira saura kaɗan in rasa ido.

Aljihu ya ce rufi ya zauna inda yake, ya kuwa zauna. Fankar sama ma mun cire ta, don ta fara yi mini aski.

Shekaranjiya, hadari yana haɗuwa, na je na ɗauko Inna. Ta dogara sandarta ta shige ɗakinta, ko ɗankwalinta bai taɓa saman ƙofar ba. Ta taka sabon daɓe, ta duba ko'ina, ta ce ɗaki ya yi daidai da ita. Na biyo ta da ƙunshin kayanta, a sunkuye. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Tun kana yaro nake fama da kai ka riƙa rusunawa in za ka shigo wurina. Allah ya yi wa maginin nan albarka."

Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ko ɗigo bai shigo ba. Wallahi na ji daɗin da na manta da babur.

Sai ɗazu, ina shafa ƙulu a ƙofar gida, tela maƙwabcina ya ce, "Dogo, ka ga tifofi a bakin layi kuwa? An ce wannan karon da gaske kwalta za a yi, ƙasa kawai za a fara zubawa."

To, masu girma, mun gode da wannan sabon tagomashi. In baɗi kun zo ɗaukar hoto, ku neme ni ƙasa-ƙasa, zan fito da rarrafe. Tafin ne dai sai ku yi haƙuri, hannuwan suna aiki.