Zoben Baba Ata da Aljihun Bajamushe

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ko da tsufa zai kwashe mini sunayen 'ya'yana. Ranar ce na tsare dattijo ɗan shekara tamanin da ɗoriya a tsakiyar falo, na ce sai ya zazzage aljihunsa. Ni ɗin nan da aka raina a Zariya, inda ko haɗa ido da babba rashin kunya ne. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A lokacin aikin kula da tsofaffi nake yi. Kullum da sassafe nakan gangaro tudun unguwarmu Highbridge mai cin gwiwa, in hau jirgin ƙasa zuwa Manhattan, gidan wani tsohon Bature ɗan Ingila mai suna Arthur. Tun yana saurayi ya zo Amurka koyarwa. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tak tana wata jiha. Bakina ya kasa kiran sunan sa'an kakana gatsal, sai na raɗa masa Baba Ata, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Mutum ne mai sauƙin kai. Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi, zoben marigayiya da yake sawa a ƙaramin yatsa. Ba ya yarda a cire shi sai in za a shafa masa man ciwon gaɓoɓi.

Wadda ta samo mini aikin, Anti Rabi 'yar Kumasi, tun ranar farko ta ja mini kunne. "Ƙanwata, ki buɗe ido. A aikin nan in abu ya ɓace, ba wanda zai tambayi baƙo, ke za a kira agency, kamfanin da ya turo ki, a kanki. Balle ke 'yar Najeriya, sunanku ya riga ku isowa."

Maganar ta yi mini ciwo, kuma ta zauna mini. Don kada a zarge ni, sai na riga kowa zargi. Mai gyaran famfo ya zo, ina tsaye a bayansa har ya gama. Maƙwabciya ta kawo kek, sai na tambayi kaina me take nema. (Baiwar Allah ba abin da take nema, mijinta ne likita ya hana shi sukari.)

Ana nan sai wasiƙa ta iso daga Jamus. Baba Ata ya karanta ta sau uku, sannan ya ce, "'Yata, Dieter zai zo."

Na ce wane ne kuma Dieter? Ya ce bayan yaƙin duniya na biyu, malaman makarantun Ingila da na Jamus sun ga in ba a yi da gaske ba yara za su gaji gabar iyayensu. Sai suka shiga musayar ɗalibai: ɗan Ingila ya je ya zauna gidan ɗan Jamus 'yan makonni, daga baya shi ma wancan ya zo. Shi da Dieter aka haɗa, suna 'yan shekara goma sha huɗu. Shi ya fara zuwa. Ya tarar da rabin gari a rushe, aka bar masa gadon Dieter, shi Dieter yana kwana a ƙasa. In ƙwai ɗaya aka samu, a gaban baƙo ake ajiye shi.

"Da ya zo namu gidan kuma," in ji Baba Ata, "mahaifiyata ba ta taɓa sakar masa fuska ba, don ƙaninta a yaƙin ya mutu. Ran nan wani ƙaramin cokalin azurfa ya ɓace. Ta hau sama ta buɗe akwatinsa a gabansa. Ina tsaye a bakin ƙofa, ban ce uffan ba. Shekara saba'in ke nan ina so in ce masa ya yafe mini."

Na ce, "To, an ga cokalin?"

Kafin in rufe baki barci ya ɗauke shi, don maganin rana ba ya yi masa sallama. Aka bar ni da rabin labari, ni kuwa na ƙarasa shi da kaina. Uwa ba ta buɗe akwatin baƙo a banza. Kuma mutum ya yi shiru shekara saba'in, sai yanzu da abokinsa ya tsufa shi kaɗai a gida zai tuna da zumunci? Na buga wa Anti Rabi waya, ta ce, "Hmm." Wannan hmm ɗin na ɗauke shi fatawa.

Wuni ɗaya kacal Dieter yake da shi. Bikin gama karatun jikarsa ya zo, ita ce ma ta lalubo masa adireshin, washegari zai koma. Tsofaffin biyu sun san babu wata haɗuwar bayan wannan. Tun safe Baba Ata ya hana ni sakat. Na goge masa riga, na yi masa aski, na shafa masa mai a gurguje yana azalzala ta, sannan ya tura ni nemo baƙin burodin Jamusawa, mai nauyi kamar bulo. Ina jin sa yana bitar abin da zai faɗa shi kaɗai, kamar ɗalibi ranar hadda.

Ƙarfe biyu jikar ta kawo Dieter bakin ƙofa, ta ce za ta dawo ƙarfe huɗu. Dogo ne siriri, sanye da zabgegen kwat mai manyan aljihuna. Na miƙa hannu in karɓi kwat ɗin, ya ce a'a, sanyi yake ji. Na ce a raina, lamba ɗaya. Suka kama hannun juna suka ƙi saki, idanunsu sun cika da hawaye, ni kuwa lissafin tsawon musafahar nake yi. Ya zagaya falon yana ɗaga hotuna yana ajiyewa, na ce lamba biyu.

Hira ta yi daɗi, wannan kam ba zan ƙi faɗa ba. Suka tuno kogin da suka yi iyo, da yadda Dieter yake juye shayi mai madara a tukunyar fure in ba a kallonsa, da malamin da ya tilasta musu rera waƙar juna har kowa ya shaƙe. Sau biyu Baba Ata yana gyara murya ya ce, "Dieter, akwai wata magana…" sau biyun ina faɗowa da tire, wai ko a ƙaro ruwan zafi. Ba ruwan zafi ne ya dame ni ba, hannuwan baƙo nake son gani.

Wajen uku da rabi, ina leƙe ta ƙofar kicin, Baba Ata ya cire tabarau yana gogewa. Sai na ga Dieter ya ɗan waiga, ya naɗe wani abu a hankici da sauri, ya cusa a aljihu. Na kalli yatsan Baba Ata, wayam, babu zobe.

Wallahi abin da na fara ji ba baƙin ciki ba ne, daɗi ne, daɗin na canka daidai. Sai tsoro ya biyo baya: in mutumin nan ya hau jirgi gobe, wa za a kama? Na fito na tsaya tsakaninsa da ƙofa, na riƙe ƙugu, na tattaro duk Turancin da nake ajiyewa don ranar faɗa.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri, amma ba za ka fita ba sai na ga abin da ka sa a aljihu. Zoben Baba ya ɓace."

Dieter ya kalle ni, fuskarsa ta yi fari fat. Ni kuma, don shaiɗan bai gama da ni ba, na ƙara da cewa, "Na san labarin cokali."

Baba Ata, wanda sai na ƙirga masa ɗaya, biyu, uku kafin ya iya tashi daga kujera, ya dafa sanda ya miƙe shi kaɗai. Ya ga yatsansa babu zoben, na ga lokacin da ya gani. Duk da haka ya ce, da wata murya da ban san yana da ita ba, "Ba za a bincike shi a gidana ba. Zoben ya ɓace ɗin. Ba wanda zai taɓa aljihunsa."

Dieter ya daɗe yana kallonsa. Can ya ce a hankali, "Arthur, wannan maganar na jira daga bakinka waccan ranar da kake tsaye a ƙofa."

Sannan ya juyo gare ni, ya ce ai ba komai, gara in gani hankalina ya kwanta. Ya ciro hankicin ya warware a kan tebur. Guntun burodi ne, ɓangaren gefe mai tauri.

"Abin da mahaifiyarsa ta tarar a akwatina ke nan," in ji shi. "Burodi, har ya fara fumfuna. Yaron da ya sha yunwa ba ya yarda da gobe. Na yi aiki, na yi gida, firjina a cike yake, amma hannun nan ya ƙi jin labari."

Baba Ata ya ce, "Cokalin kuma a bayan murhu aka tsince shi, kwana tara da tafiyarka. Kunya ta hana ni rubuto maka."

Nan take kakata ta faɗo mini a rai. Ta ga shekarar fari tana yarinya, har ta koma ga Allah ba a raba bakin zaninta da ƙullin ƙanzo. Mu jikoki har tsokanarta muke yi. Na san hannun nan sarai, zargi ne ya rufe mini ido.

Da mai hankali ce, da nan na durƙusa. Amma ina! Na ce, "To ai zoben dai bai fito ba. Bari in kira 'yarka." Na zura hannu a aljihun rigar aikina na fizgo waya. Wani abu ya biyo ta, ya faɗi ƙasa ƙil, ya gangara a kan katako a natse, ba ya ko sauri, ya ratsa falon mu uku muna kallonsa, ya je ya kwanta a jikin takalmin Dieter.

Tun shafa man safe yake aljihuna. Hausawa sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ni kazar na aljihuna, kuma ni ce mai cewa as.

Na so ƙasa ta tsage in shige, sai dai a hawa na tara muke. Na zube gwiwa biyu irin na gida, ina ba da haƙuri da Turanci, da ya ƙare na koma Hausa. Dieter ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki zoben, ya sa wa abokinsa da kansa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce, Baba Ata ma ya kama, har sai da na tashi na ɗebo musu ruwa.

"Wata ƙasa, wani zamani," in ji Dieter yana share ido, "amma aljihuna dai ake bi. An samu ci gaba kuwa. Wancan haƙurin shekara saba'in ya yi a hanya, wannan ko minti biyar bai yi ba."

Sauran rabin awar na kulle kaina a kicin, ban ƙara kai ruwan zafi ba. Abin da suka faɗa wa juna nasu ne. Da jikar ta iso, na naɗe ragowar burodin gaba ɗaya na miƙa masa ba tare da na ɗago kai ba. Ya karɓa ya ce, "Wannan aljihun ko wancan? Gara ki sani tun yanzu."

Baba Ata bai kira agency ba, bai kuma gaya wa 'yarsa ba. Hukuncin da ya yanke mini ya fi kora zafi. Har ƙarshen zamana da shi, in tabarau ya ɓace, ko rimot, ko silifa, sai ya kalle ni da fuskar salihai ya ce, "'Yata, an duba aljihu?"

Ban daina sa ido ba, hali zanen dutse ne. Sai dai yanzu duk lokacin da na ji zuciyata ta fara lamba ɗaya, lamba biyu a kan wani bawan Allah, nakan bari sai na laluba aljihuna tukuna.