Kanwar Iya Yakura da Sabbin Hanyoyin Sama

Yau da safe duk wanda ya bi hanyar tashar Gure ya sha kallo kyauta. Ni Ma'azu, da furfurata da komai, ina tura babur ɗin da ba ɗigon mai a cikinsa, an ɗaure masa ƙullin kanwa da kwalbar yaji a baya, ga wata tsohuwa tana biye da ni tana faɗa wai ina tafiya kamar wanda bai karya ba. Tsohuwar nan maƙwabciyata ce, Iya Yakura. Katanga ce ta raba mu, ita ma katangar rabinta ya zube tun damanar bara, saboda haka duk abin da ya dame ta sai ya tsallako ya dame ni.

Abin da ya dame ta kuwa ba na wasa ba ne. 'Yarta Zaituna ta haihu, haihuwar fari, a wata ƙasa can bayan teku inda mijinta yake aiki. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba, kada a ce ni na ɓata zumuncin ƙasashe. A nan wurinmu mai haihuwar fari gaban uwarta take zuwa, a dafa mata ruwan wanka, a dama mata kunun kanwa har ta yi arba'in, jiki ya koma, nono ya kawo. Zaituna ba ta samu zuwa ba. Tana can a wani ɗaki saman bene, ba uwa ba gwaggo, kuma duk ranar da ta kira a salula maganar ɗaya ce: nono ba ya isar yaron, kuka kawai yake yi. Iya Yakura ta rantse ba abin da ke damun yarinyar sai rashin kanwa, kuma ba kowace kanwa ba, ta kwarinmu ta nan, irin wadda ita ta sha da ta haifi Zaitunar. Tun cikin bai tsufa ba take cigiyar mai tafiya can, ba ta samu ba.

Sai jiya radiyo ya kawo albishir. Iyayenmu na birni, Allah ya ƙara musu sanyin ofis, sun zauna sun amince da sabbin hanyoyin jiragen sama tsakaninmu da ƙasashen waje, bisa yarjejeniyoyin da suka rattaba wa hannu. Mai karanta labarin har muryarsa rawa take yi don daɗi. Wai duniya ta zo bakin ƙofarmu, wai talaka ne zai fi kowa cin moriya. Da ya shiga jero ƙasashen, sai ga sunan wadda Zaituna take ciki. Kafin ya rufe baki na ji guɗa ta bayan katanga.

Kada ku yi saurin yi mata dariya. Mu nan haka muka san sabuwar hanya. Ranar da aka ce mota ta fara zuwa Bune ko Kelle, washegari mata za su cika tasha da ƙulli. Ka samu direba, ka gaishe shi, ka ce ga saƙon wance, gidan da ke bayan masallaci, ka ɗora masa cuku ko dabino na shan ruwa. Ba takarda ba tambari, kuma saƙo yana isa. Wanda ya ce wa Iya Yakura an buɗe hanya zuwa wurin 'yarta, ai ya ce mata ne an samu direba.

Da muka isa tasha, ta nufi Abba kamasho, wanda duk motar da za ta tashi sai ta bakinsa.

"Abba, ina kwana? Ina ake ajiye saƙon jirgi?"

"Wane jirgi, Iya?"

"Sabon da aka buɗe jiya. Ko kai ba ka jin radiyo?"

Abba ya dube ni, na kau da kai. Ya ce, "Iya, ni ko motar Damagaram tun jiya ba ta iso ba, tana Gidigir taya ta fashe a ramin gudron, kwaltar nan tamu. Jirgi kuwa, wallahi ba a ba ni layinsa ba."

"To wa aka ba?"

Abba ya juya ya ci gaba da kiran fasinja. Muka juyo, na ce bari in tsaya layin mai ko na samu abin da zai kai mu gida. Layin nan kun san shi, ba sai na ba ku labari ba: tun da muka tsaya ba wanda ya motsa sai inuwa. Ana haka sai ga wata farar mota kat-kat mai baƙin gilashi ta zo ta wuce mu duka, ta tsaya daidai bakin famfo, aka kuma fara ɗura mata, don ita ba ta san layi ba. Wani mutum ya fito daga ciki yana miƙa, takalminsa na sheƙi, ƙamshinsa ya riga shi isowa. Irin ƙananan manyan nan ne da ake turowa daga birni su zo su ga yadda muke, su koma kafin rana ta taɓa su.

Kafin in hana ta, Iya Yakura ta isa gabansa, ta gaishe shi da Mushe, lakabin Faransanci da muke yi wa ma'aikacin gwamnati.

"Mushe, sannu da zuwa. Kai da ganinka ka san jirgi. Wanda aka buɗe jiya, ina tasharsa?"

Mushe ya yi murmushin da ake yi wa talaka idan akwai masu kallo. Ya ce, "Mama, ai ba a fara ba tukuna. Amincewa aka yi. Ka'ida ce aka shimfiɗa, idan kamfanoni sun ga da riba sai su zo. Kuma ko sun zo, a babban birni za su sauka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, to mu mutanen Gure ina namu rabon a ciki?"

Ya gyara gilashi. "A'a, ai kuna ciki sosai. Yarjejeniyar ta ba jiragensu izinin ratsa sararin samaniyar ƙasa. Wasu ma ta kanku za su bi."

Jama'a, ku taya ni godiya. Shekara da shekaru muna kukan an manta da mu, ashe ana can ana shirya mana babban matsayi: mu ne waɗanda za a bi ta kansu. Mai girma Sarkin Sa Hannu zai tashi zuwa duba lafiyar haƙorinsa a ƙasar waje, uwargida za ta je sayen labule, 'yan lele za su koma lakwal karatu bayan hutu, kuma dukansu, saboda ƙaunar da suke mana, ta saman rufinmu za su wuce. Da can sai sun sauka a wata ƙasa sun jira wani jirgin, abin tausayi, ƙafafunsu har kumbura suke yi a kujera. Yanzu an share musu wannan hawayen. Mu kuwa da mai naƙuda take kwana a bayan amalanke kafin ta ga likita, sai mu ɗaga kai mu yi alfahari. Ni dai raina ya ɓaci, ban kuma ɓoye ba, na yi tsakin da sai da mai ɗura man isansi ya waiwayo.

Amma Iya Yakura ba abin da ta ji a duk bayanin Mushe sai kalma guda.

"Ta kanmu zai bi?"

"Ƙwarai, Mama."

"To alhamdu lillahi. Ma'azu, kwance min kayana."

Na ce, "Iya, ina kuma za mu?"

"Kan tudu. Direban da ya biyo ta ƙofar gidanka, ka ɗaga masa hannu, ai ko bai da wuri zai tsaya ku gaisa."

Na yi mata bayani iya yina, ta ce ni yaro ne. Haka na bar babur a layi na ɗauki ƙulli a ka, muka hau tudun rairayin nan na bayan gari, rana tana dukanmu. Muka zauna. Can bayan azahar sai ga shi, ɗan mitsitsi a ƙololuwar sama, yana jan farin zare a bayansa, ko ƙararsa ba a ji sosai. Ko na sabuwar hanyar ne ko na tsohuwa, oho. Iya Yakura ta miƙe, ta cire mayafinta tana kaɗawa da hannu biyu, tana kira da iyakar muryarta: "Mai jirgi! Saƙo ne! Na mai jego ne!"

Na so in yi dariya, dariyar ta ƙi zuwa. Tsohuwa ce da ƙafa ke ciwo, tana tsalle a kan rairayi mai zafi. Ta yi ta kaɗawa har zaren ya watse. Sannan ta sauke hannu, ta ce a hankali, "Wannan direba ba ɗan mutunci ba ne. Ko sassautawa bai yi ba."

Muna saukowa salularta ta yi ƙara. Zaituna ce. Na ji muryarta don Iya ba ta iya rage sauti ba. Ta ce, "Iya, ki bar wahalar da kanki. Nonon ya ɗauke gaba ɗaya. Likita ya sa shi kan madarar gwangwani, yana sha, ya daina kuka." Iya Yakura ta ce to, Allah ya raya, Allah ya yi albarka, muryarta garau kamar ba komai. Sai da ta kashe ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafin nan da ta gama kaɗa wa jirgi. Na tsaya a kanta da ƙulli a ka.

Da muka iso gida ta karɓi kanwar, ta kwance, ta juye ta duka a kwanon akuyarta. Yajin kuma ta ce in kai wa iyalina. Yanzu haka da nake rubutun nan ina jin akuyar ta inda katanga ta zube, tana lasa tana atishawa. Babur ɗina yana can a layi, ban san ko ya matsa ba.

Saboda haka, iyayenmu na birni, Allah ya ja zamaninku, idan an tashi taron bayyana nasarorin yarjejeniyar nan kada a ce ba wanda ya amfana a karkara. Akwai wata jar akuya a Gure, kuma da alama nononta zai ƙaru.