Tabawa da Katangar Raba Ruwa

A shekarar da sauro ya addabi tsibirin Gaurayau, har biri ya daina hawa bishiya saboda susa, kowa ya zuba ido ya ga abin da fada za ta yi. Fada ta zauna, ta tashi, ta sake zama, daga ƙarshe ta gano cewa sauro ba shi da laifi. Laifin na ruwa ne. Ruwan tsibirin, inda kogi ke haɗuwa da teku, ba shi da alƙibla: shi bai zama na gishiri ba, shi bai zama na daɗi ba.

A cikin wannan ruwa Tabawa ke zaune, wata 'yar kifi da ba ta kai tsawon yatsa ba, mai ɗigo-ɗigon ja a gefe. Nan aka haifi kakanninta, nan ta zuba ƙwanta a cikin saiwoyin bakin gaɓa. Ba ta taɓa sanin ruwan yana da laifi ba, sai ranar da kwaɗo ya ɗauko ta a ɓawon kwakwa ya dire gaban Sarki Kada.

Waziri Ƙaguwa ne ya buɗe taro, yana tafiya a karkace. "Jama'a, gwamnatin nan tafiyarta a miƙe take! Ba za mu lamunci ruwa mai fuska biyu ba."

Zalɓe, Ministan Walwalar Kifaye, ya zuro baki cikin ɓawon yana haɗiyar yawu. "Baiwar Allah, ke ta gishiri ce ko ta ruwan daɗi?"

Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, a gauraye na tarar da shi."

Fada ta kaure da salati. Wani ya kawo shawarar a ba ɓangaren gishiri kanta, a ba ɓangaren daɗi wutsiyarta. Nan take Zalɓe ya ce zai sadaukar da kansa ya yi rabon. Sarki ya yi wata doguwar hamma ya ce, "Mu masu tausayi ne. Ku bar yarinya. Ruwan za a raba."

Jakuna suka yi ta jidar duwatsu har katanga ta ratsa tsakiyar ruwa. Kogi ya zo ya tarar da hanya a toshe, ya juya abinsa. Teku ma ta tsaya a baya. Ruwan Tabawa ya soma janyewa, ya yi zafi, ya yi kauri. Kullum Zalɓe sai ya zo jaje, kuma duk zuwan da ya yi sai an nemi maƙwabci an rasa. Ranar da ya zo yi wa Tabawa ta'aziyyar mijinta, da ƙanwarta Kululu ya tafi.

Ƙwan Tabawa ya ƙyanƙyashe a ɗan kududdufin da ya rage. Ta dubi 'ya'yan suna ɗago kai suna haki, ta tara sauran dangi ta ce, "Ni dai ba zan jira jaje na gaba ba. Allah ya ba mu tsalle. Mai zuwa ya biyo ni."

Haka suka fita, ciki a taɓo, daga wannan kududdufi su faɗa wancan, rana na gasa su. Da yawa ba su kai ba. Waɗanda suka kai suka tarar kogi ya sake samun teku ta bayan tsibirin. Tabawa ta kurɓi ruwan, ta ji ɗan gishirin nan da ta sani.

Ranar buɗe katanga, iska ta kawo musu kiɗa. Suka jiyo muryar Sarki yana jawabi a kan busasshen taɓo: "Talakawana na cikin ruwa, kun gamsu?"

Shiru.

Can sai muryar Waziri: "Ranka ya daɗe, ko mutum ɗaya bai yi gardama ba. An amince baki ɗaya!"

Autar Tabawa ta matso kusa da ita. "Inna, da wa suke magana?"

Tabawa ta tura mata ɗan sauro gaban baki. "Ci abincinki."