Sun Rina wa Loseli Takaba

Ranar Lahadin da ta wuce sai da na ɓata a hanyar cocin da nake zuwa tun gashina yana baƙi. Na wuce shi, na kai shataletalen gidan mai, na juyo, na sake wuce shi. Matata Sulieti tana gefe tana gyara tabarmar da mu mutanen Tonga muke ɗaurawa a kugu, ta ce ko dai lokaci ya yi da zan miƙa wa yara makullin mota. Wallahi ba idona ba ne, allon ƙofa aka canja. Inda da gicciye yake, da sunan cocinmu da harshen Tonga, yanzu wani lanƙwasasshen abu ne ruwan lemo kamar ɓawon ayaba da aka yar, ƙarƙashinsa kalma ɗaya ta Turanci. Ni na ɗauka masu sayar da layin waya ne suka kama haya.

Wannan aikin Mai Girma Shugaban Kwamitin Sabunta Fuska ne, Allah ya ƙara wa kujerarsa faɗi. Shi da Ranka Ya Daɗe Sakatare da sauran dattawa suka gano cewa abin da ya hana matasanmu na garin Logan, nan Ostareliya, zuwa sujada shi ne tambarinmu ya tsufa, shafinmu na intanet kuma bai da armashi. Ba tsawon wa'azi ba, ba rufin da yake ɗiga a kan mawaƙa duk damina ba. Saboda haka suka sadaukar da kansu, suka tafi otal a Gold Coast, garin 'yan yawon shaƙatawa, suka yi ta addu'a a bakin ruwa har aka bayyana musu ruwan lemo. Suka ɗauko wasu ƙwararru daga cikin birni suka zana mana ɓawon ayaba.

Ranar da aka nuna mana tambarin, an ce igiyar teku ce, fiffiken kurciya ne, kuma hannun maraba ne. Maƙwabcina Penisimani, wanda ya ƙare ƙarfinsa a mayankar shanu, ya ɗaga hannu ya tambaya ina gicciyen. Sakatare ya ce yana ciki, sai dai mai idon ruhu ne yake ganinsa. Peni ya zauna yana goge tabarau.

Da abin ya tsaya a allo da tambari, da na yi dariyata na wuce. Abin da yake ci mini rai shi ne abin da suka yi wa Loseli.

Loseli matar marigayi Sitani ce, wanda ya yi shekaru yana buga ƙararrawar cocin nan. Ya rasu bara, aka kai gawarsa gida Vava'u, can tsibiran Tonga, aka binne. Ba a daɗe da dawowa daga jana'iza ba aka sa ranar ɗaukar hoton sabon shafi, aka ce kowa ya zo da kaya masu haske. Loseli ta zo yadda ya kamata mai takaba ta zo: baƙi daga wuya har ƙafa, da tsohuwar tabarma yagaggiya ɗaure har ƙirji. Da ta ga masu kyamara ta ja gefe. Mai Girma da kansa ya kamo hannunta ya tsayar da ita a tsakiyar sahun gaba, kusa da shi, don duniya ta shaida cocinmu yana riƙe da gwauraye.

Ita ƙwararriyar da ta haɗa shafin, Baturiya ce, kuma ban ga laifinta ba. Peni yana wurin gyaran famfo a ɗakin taro lokacin da ta ce wa dattawa baƙin nan na tsakiya yana kashe mata launi, amma ko yana da wata ma'ana a al'adarmu? Ranka Ya Daɗe Sakatare, wanda uwarsa ta yi shekara cikin baƙi da ubansa ya mutu, ya ji kunyar a ce mu mutanen da ne. Ya yi murmushi ya ce matanmu dai suna son baƙi ne don yana rage musu ƙiba. Matar nan ta koma kwamfutarta ta rina rigar Loseli ruwan lemo tas, ta gyara bakin tabarmar ya zama sabo fil.

Kada ku ce ba a duba ba. An tura wa kowane dattijo hoton don ya amince. Ɗaya ya nemi a rage masa tumbi. Ɗaya ya ce a kashe ƙyallin sanƙonsa. Mai Girma ya sa aka ƙara masa tsawo kaɗan don Fasto ya fi shi. Kowa ya duba kansa da kyau ya ce Allah ya yi albarka. Ba wanda ya kalli matar da take tsaye a tsakiyarsu.

Kafin mu gama cin gwaza da gasasshen alade na bikin buɗe shafi, hoton ya isa Auckland, ya isa Vava'u, ya isa wayar Gwaggo Kalolaine, yayar marigayi. Ku kun san a wurinmu in 'yar'uwar namiji ta yi magana a kan gidan ɗan'uwanta, an gama. Washegari Loseli ta shigo kicin ɗinmu idonta ya kumbura, ta zauna a ƙasa ta maimaita mana abin da aka gaya mata: "Ƙasar kabarin ƙanena ba ta bushe ba kin ci ado kamar mai zuwa rawa, a gaban duniya. Kada ƙafarki ta taka wurin kafa dutsen kabarinsa."

Dutsen nan Loseli ce ta zaɓe shi, ita ta zaɓi ayar da aka sassaƙa a kai. Watan Disamba aka sa za a kafa, kuma tunanin tafiyar nan kaɗai ne yake tashe ta daga gado da safe.

Matan zumunta suka yi ta kiran Vava'u suna rantsuwa cewa Loseli ba ta cire baƙi ko na yini ɗaya ba. Gwaggo ba mahaukaciya ba ce, ta fara gane akwai lauje a maganar. Amma ta riga ta yanke hukunci a gaban dangi, kuma ba za ta lashe amanta don maganar ƙawaye ba. Sai ta buɗe ƙofa ɗaya. Ta ce in laifin coci ne, babba a cocin ya kira ta ya nemi gafara da bakinsa, kamar yadda ake yi tun kakanni, ita kuwa ta janye. Waya ɗaya ke nan.

Ni da Peni muka sa tabarmin girmamawa muka je gidan Mai Girma. Muka same shi cikin sabuwar riga ruwan lemo, ɓawon ayaba a aljihun ƙirji. Ya saurare mu yana gyaɗa kai kamar mai jin wa'azin da ya taɓa ji.

"Manase, ɗan'uwana," ya ce mini, "nan fa Ostareliya ce. Lauya ya gargaɗe mu, in ka ce ka yi laifi, ka ɗauki alhaki ke nan. Kwamiti ba ya neman gafara, kwamiti yana nazari."

Peni ya ce, "Ranka ya daɗe, ba kotu Gwaggo za ta kai ka ba. Tsohuwa ce mai sanda. Ka ce mata yi haƙuri, ka kashe waya."

"To in na roƙi wannan, gobe mai sanƙo ma ya zo."

Na ce to a mayar mata da baƙinta a hoton mana, ko Gwaggo ta ga gyara ta huce. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai je Gold Coast ba. Ya ce baƙi ba ya cikin launukan da kwamiti ya amince da su, kuma in aka fara karya ƙa'ida tun yanzu, sabuwar fuska ta lalace. Amma mu kwantar da hankalinmu, za a ɗauki mataki. Ya raka mu har mota, ya ba mu igiyar rataya makulli a wuya mai tambari kyauta.

Kuma a yaba musu, sun ɗauki mataki. Sun yi zama, sun sha kava, jiƙon saiwar nan da mazanmu suke sha a taro, sun kafa ƙaramin kwamiti. Bayan makonni muka buɗe shafin muka tarar an share Loseli gaba ɗaya. A gurbinta, kusa da kafaɗar Mai Girma, an dasa tukunyar fure. Sakatare ya sanar a sujada cewa an shawo kan matsalar cikin hikima, wasu har da tafi.

Gwaggo ta ga tukunyar fure ita ma. Ta ce ai shi ke nan, cocin da kansa ya ji kunyar matar ya cire ta, me kuma ake so ta ce? Wayar da take jira ba ta zo ba, ita kuwa ba ta sake ɗaga ta kowa ba.

An kafa dutsen a Disamba. 'Ya'yan Loseli sun je, don su ba a hana su ba, kuma ba su isa su ƙi kiran gwaggonsu ba. Ita ta wuni a gidanmu tare da Sulieti suna ɓare rogo, ba ta ci komai ba. Ban taɓa jin kunyar zama ɗan cocin nan kamar ranar ba, kuma har yau haushin bai sake ni ba.

To ranar Lahadin nan, bayan na gano ƙofar da ƙyar, na sami Loseli a bencin baya inda take zama yanzu, cikin baƙinta da tsohuwar tabarmarta. Da aka tashi, Mai Girma ya ratso jama'a ya zo ya riƙe hannunta da hannu biyu. Na matsa kusa, na ce yau dai Allah ya taɓa zuciyar mutumin nan. Sai na ji yana cewa za a sake ɗaukar hoto kafin bikin Ista, ko tana ganin za ta gama takaba kafin lokacin?

Loseli ta zare hannunta a hankali. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ku kawo tukunyar furen nan. Ita ba ta da miji a ƙarƙashin ƙasa."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne, ya wuce gaisawa da na gaba.

A mota na gaya wa Sulieti in na riga ta tafiya, ta yi takabarta a ɗaki, kada ta kusanci kyamarar coci. Ta ce in kwantar da hankalina, ni 'yar'uwata ba ta iya buɗe intanet ba.