Yadda Za Ki Kori Janbaki da Waƙar Cocin Ingila

Ran Talata na ga tsuntsayen janbaki biyu zaune a kan hular mutum-mutumin gonarmu ta Urno, suna hutawa. Idan hatsin gidanku ya kai wannan hali, kuma kina da lisans, takardar digirin jami'a, da ba ta samo miki aiki ba, bi ni. Sakamako tabbas ne.

1. Yi alkawari da ƙarfi

Ranar da babanki ya ce, "Wanga karatu naki ko tsuntsu ba ya kora," kada ki sunkuyar da kai yadda kika saba. Ce masa ya ajiye majajjawarsa, bana ilimi zai yi gadi. Sai ki shiga ɗaki ki yi nadama.

2. Nemo waƙar

Ni a wayata na same ta. Abokiyar ɗakina a jami'a, mai waƙa a coci, ta tura mini: muryoyi kusan hamsin suna yabon Ubangiji da Turanci, da orga, babban abin kiɗan coci mai gurnani kamar tirela a hanyar Madawa, da ƙahonin tagulla. Ƙahonin kike so. Aro lasifika, rataye ta a gawo.

3. Ƙure murya

Waƙar tana farawa a hankali har ki zaci batir ya mutu. Bai mutu ba. Can ƙahoni za su fashe, tsuntsaye su tashi kamar hayaƙi, jakin Kawu Faruƙ na gonar maƙwabta ya tsinke igiya. Masana sun tabbatar jaki yana dawowa.

4. Amsa tambayoyi a taƙaice

Kawu zai zo yana haki: "Raihana, mi suke hwaɗi?"

"Godiya ga Allah, Kawu."

"To madalla. Amma su yi ta can gefenku, tsuntsayenku duk suna gonata."

Wannan shi ake kira nasara. Ji daɗinta, kwana uku ce.

5. Kada ki lissafa mintoci

Waƙar minti ashirin ce, ƙaho sau biyu kacal. Sauran duk muryoyi ne masu taushi, irin na cin abinci cikin natsuwa. Ran na huɗu janbaki sun haddace ta. Orga na fara kumbura sai su hau gawo, ƙaho ya wuce, su sauko. Ba su taɓa kuskuren ko daƙiƙa ɗaya ba, ni kuwa har yau sai na firgita.

Gargaɗi

Rumbunki, jakin maƙwabta da mutuncin lisans duk ba sa wuyana. Ki tambayi babana, Baba Aƙilu, in zai amsa. Jiya ya tsaya bakin gona ya ji waƙar har ƙarshe, ya ga tashinsu, ya ga saukarsu. Ya dube ni, ya dubi zangarniyar da ta zama tsinke. Sai ya cire hular mutum-mutumin ya sa, ya juya gida wajen majajjawarsa.