Yadda Za Ka Haɗa Wa 'Yar Goggonka Kwamfuta Ba Tare Da Ka San Komai Ba

Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ina ba ka tabbacin kafin wata ya ƙare dangi za su fara kiranka Injiniya, ko da kuwa ba ka taɓa leƙa cikin kwamfuta ba. An gwada hanyar a nan Jalingo, a kan Sirajuddeen, wani akawu da ke zaune a Nukkai. Da labarinsa za mu yi darasin.

1. Ka fara samun suna

Ilimi yana ɗaukar shekaru, suna kuwa rana ɗaya ya isa. Sirajuddeen ya samu nasa ne ranar da talabijin ɗin goggonsa Hadijatu ya ƙi kamawa. Ya zagaya baya, ya ga waya ta zare, ya mayar. Amma bai miƙe nan take ba. Sai da ya yi minti ashirin a durƙushe yana huci. Ka riƙe wannan: gyaran da aka gama da wuri ba ya jawo girma.

Shi ya sa da 'yarta Bushra ta kai shekarar ƙarshe a jami'a, aikinta na kammalawa kuma ya zama zana taswirar unguwannin da ruwa ke ci da damina, Goggo ba ta nemi kowa ba sai shi. Ta sayar da karsanarta guda, ta ƙulle kuɗin a leda, ta kira shi gidanta a Turaki.

"Ta tebur nake so, Siraju, wadda ɓarawo ba zai sa a jaka ba. Kai ka san abin nan, mu ba mu sani ba."

"Goggo, ki ɗauka an gama," in ji shi.

2. Ka raina takardar ɗaliba

Ɗaliba za ta miƙo maka takarda. Bushra ma ta miƙo: ram goma sha shida, ma'ajiyar zamani mai sauri da ake kira es-es-di, da tukunyar wuta mai kyau, wadda masu shago ke kira fawa fak.

"Hamma Siraju, manhajar taswira nauyi gare ta. Malaminmu ya ce ram ɗin shi ne kan gaba."

Ka yi yadda ya yi. Ka karanta da ido ɗaya, ka yi murmushin tausayi, ka ninke takardar.

"Malamai a littafi suke gani," ya ce. "Mu muke kasuwa."

Bai san mene ne ram ba. A zuciyarsa ya yi niyyar tambaya a shago. Wannan niyya ce za mu kashe a mataki na gaba.

3. A shago, kada ka tambayi komai

Mai tambaya ɗalibi ne, kai kuwa Injiniya ka zo. Sirajuddeen ya shiga shagon wata Precious, wadda ta shekara tara tana haɗa kwamfuta, ya tarar tana kwance wata da sukundireba a baki. Ta cire ta ce, "Oga, wane aiki za a yi da ita? Daga nan ne za mu fara."

Tambaya ce mai kyau, don haka ka guje ta. Ya ɗaga wani faifai kore, ya duba shi a hasken ƙofa kamar mai duba ƙwai, ya ce, "Wannan firosesa ta wace shekara ce?"

"Madabod ne kake riƙe, Oga. Kuma ya ƙone."

"Na sani. Gwada ki nake yi."

Ka haddace wannan amsa. Za ta fitar da kai a wurare da yawa.

4. Ka fara da abin da ido ke gani

Goggo ba za ta taɓa ganin ram ba, amma za ta ga akwati. Can saman kanta Sirajuddeen ya hango wani baƙi mai gefen gilashi, da fanka shida masu sauya launi daga ja zuwa shuɗi. Zuciyarsa ta kwanta. Ya ƙara da kibod mai walƙiya da lasifika biyu manya, irin na masu sayar da maganin gargajiya a tasha. Fiye da rabin karsana ya tafi a nan.

Ragowar ka raba wa abubuwan da ke ɓoye a ciki. Ram huɗu. Tsohuwar ma'ajiya mai ƙugi. Fawa fak marar suna, mai sauƙi a hannu kamar gwangwanin da aka shanye.

"Oga, wannan fawa ba zai ɗauki fanka shida ba," in ji Precious. "Ka rage kwalliya, ka sa ram. Ni ba na son kaya ya dawo."

"Ki haɗa kawai."

Ta haɗa, ta kuma rubuta a rasit cewa ta faɗa masa.

5. Ka tara jama'a ranar kunnawa

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma. Maƙwabta suka shigo, har da Alhaji Hammanjoda mai shagon hatsi. Sirajuddeen ya yi bismilla ya danna. Ɗakin Goggo ya koma ja, ya koma shuɗi, ya koma kore. Goggo ta riƙe baki, idonta ya kawo ruwa, ta yi ta sa masa albarka.

Sai Bushra ta ja kujera ta buɗe taswirarta. Ƙaramar da'ira ta fito tana juyawa. Aka sha shayi, aka tafi sallar magariba aka dawo, tana nan tana juyawa.

"Hamma, ta tsaya."

"Ba tsayawa ta yi ba, tunani take yi. Sabuwa ce, ba ta saba da gidan ba."

Kullum ka tanadi dalilai uku a aljihu: zafin gari, netwok, da hannun ɗaliba.

6. Idan hayaƙi ya tashi

Zai tashi. Na Sirajuddeen ya tashi saura kwana goma Bushra ta kare aikinta a gaban malamai. Tana cikin aiki da hantsi ta ji ƙara kamar an fasa leda, fitilun suka mutu, ɗaki ya cika da ƙaurin roba. Aikin wata biyu yana ciki.

Ya zo da dalilansa uku a shirye. Ya tarar da Bushra zaune a ƙasa, ta zuba wa akwatin ido, ba ta ko tsokane shi ba yadda ta saba. Goggo tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Ba komai, Siraju. Na san ka yi iyakar ƙoƙarinka." Ta tsinci tsakuwa ta yar. "Ciki gare ta, karsanar, lokacin da na sayar."

A nan ne ɗalibina ya karya doka. Ya mayar da dalilansa aljihu. Ya sunkuya ya rungumi akwatin, ya ce wa Bushra ta ɗauko mayafinta. Ban ba ka shawarar ka ji kunya ba, amma idan ta zo, ka tari keke napep.

7. Ka tsaya a bakin ƙofa

A shago Precious ta ɗauko sukundireba ta buɗe akwatin. Ita da Bushra suka duƙufa. Ma'ajiyar ba ta ƙone ba, aikin yana nan. Precious ta karɓe akwatin gilashi da fankoki da lasifika, ta musanya su da ram goma sha shida, es-es-di, da fawa fak mai nauyi. Ta zuba su a wani tsohon akwatin ofis mai launin toka, gefensa a lotse. Taswira ta buɗe kafin Sirajuddeen ya gama goge gumi.

Bushra ta kare aikinta, ta ci.

8. Ka karɓi yabon

Goggo dai har yau ba ta yafe wa akwatin toka ba. Duk wanda ya shigo sai ta ce, "Da kun ga wadda Siraju ya haɗo. Wutar gari ce ta cinye ta, yarinya ta je ta kwaso wannan." Ran Juma'a Alhaji Hammanjoda ya tare shi a ƙofar masallaci: ɗansa ya samu jami'a, irin waccan mai fitilu yake so.

"Zan duba lokacina, Alhaji," in ji Sirajuddeen. Daga nan bai zame ko'ina ba sai Turaki.

"Bushra, gobe kina da wani aiki?"

"Lafiya, Injiniya?"

"Raka ni shago za ki yi."

"Zan raka ka. Kai ka riƙe jaka, ni in yi magana."

"Amma a gaban Alhaji..."

"A gaban Alhaji kai ka haɗa."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk hayaƙi, ƙauri, ko zumuncin da ya yi tsami sakamakon bin shawararsa. Wanda ya yi asarar saniya ya nemi wanda ya riƙe ledar. Masu ƙorafi su rubuto a takarda su ba direban mota, don tawa kwamfutar, wadda na haɗa da hannuna, tun bara take tunani.